Gwaggo Mwanakombo da Ruwan Tankinta

Allah da ya ba mu ke ya karɓi abinsa. Ranar Laraba, tara ga watan Sha'aban, bayan sallar la'asar, Gwaggona Mwanakombo 'yar Shomari ta rasu a ɗakinta da ke tsibirin Jibondo, bayan gajeriyar jinya. Saƙon ya same ni a babban tsibirin da ke kusa da namu, amma ruwan teku ya janye, jirgin ruwa ba ya tashi. Kafin in iso an riga an kai ki makwanci.

Gwaggo, a gidanki na girma. Ke kika koya mini ɗaure ciyawar teku da muke nomawa a igiya, kina yi mini dariya idan ƙafata ta nutse a laka. Duk baƙon da jirgi ya bari, a barandarki yake kwana, da safe ya ci dafaffen rogo da kwakwa.

Ba na mantawa da shekarar da ruwan sama ya yi jinkiri. Tsibirinmu ba rijiya, iska kuma ta hana jiragen da ke kawo mana jarkokin ruwa tasowa. Tankin kowa ya ƙafe, naki ne kaɗai ya rage da ɗan ruwa a ƙasa, ga 'yarki Mwatime da ɗanyen jego. Ana cikin haka sai iska ta jefo wasu masunta daga kudu, jirginsu ya lalace, leɓunansu duk sun tsage. Ba wanda ya san su. Kika ɗauko guga, sai mahaifina, ƙaninki, ya tare bakin tankin.

Ya ce, "Yaya, maijego fa? Mutanen nan ko sunansu ba mu sani ba."

Kika ce, "Kai Hamadi, matsa ka ba ni wuri. Ran da jirginka ya kife, waɗanda suka tsamo ka sun tsaya tambayar sunanka?"

Ya matsa. Kika shayar da su, kika ware na Mwatime, sauranmu muka koma kofi guda safe da yamma. Awakinki biyu sun mutu da ƙishi kafin iska ta lafa jirgin ruwa ya iso. Jaririn ya rayu, masuntan suka gyara jirginsu suka tafi. Ban taɓa jin kin ambaci awakin nan ba, ko da ana hira.

Allah ya jiƙan ki, Gwaggo, ya yafe kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mwatime da ƙannenta, da jikoki, da duk mutanen tsibiri. Allah ya ba mu haƙuri, musamman Baba Hamadi, wanda tun ranar jana'iza yake zaune a ƙofar ɗakinki, ya ƙi a rufe ta.