Hoton da Yatsa Ya Rufe

Yana zaune gaban kwamfuta a shagon intanet na Kura, wando a naɗe, taɓon bakin kanal ɗin ban ruwa ya bushe a ƙwaurinsa, 'yar kyamara rataye a wuya da igiyar buhu. Bernice mai kula da shagon ba ta san sunansa ba. Daga ganin kantar hannunsa dai, manomin tumatir ne da ɗaukar hoto ta shiga ransa.

Tun ɗazu yake bin wani saƙo da yatsa. Wai hotonsa ya zo na ɗaya a wata gasar ƙasar waje, ya tura kuɗin rajista a aiko masa da kyautarsa.

"Madam, don Allah buɗe min hoton da na tura."

Ta buɗe. Ashe kuskure ya yi, ba hoton gonarsa da ya yi niyya ya tura ba. Wanda ya tura, babban yatsansa ya rufe rabi, sauran kuma dishi-dishi.

Sai ya tuntsire da dariya, ya dafe kuɗin da ke aljihunsa.

"Dillalin da ya yabi kwando bai tona ƙasa ba, ai ba tumatir ya zo saya ba. Alhamdu lillahi. Kuɗin takina sun tsira."