Batirina a Jar Motar Yayan Matata

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina jan a-kori-kura tsakanin Wara da Yelwa, ranar da aka tafi mini da batir ba za ta fita raina ba. Lokacin muna jihar Sakkwato. Aikina shi ne in kwashi ɗanyen kifin masunta daga bakin tafkin Kainji, in kai kasuwa kafin rana ta yi zafi. Kifin ba nawa ba ne, amana ce.

Yayan matata, wani ma'aikaci a Sakkwato, ya zo gida da wata jar mota irin ta tsere, mai kujera biyu, cikinta kamar zai goge ƙasa. Ranar da ya iso, wuni ya yi da ita a bakin ruwa, ƙofofi a buɗe, kaset na ta ɓaɓatu, fitilu a kunne da rana tsaka, don dai a san ya zo. Washegari ya murɗa makulli, sai ƙas-ƙas. Batir ya mutu murus, kuma wai irinta ba ta tashi da turi.

Na gama lodi ke nan, giwan ruwa da ƙarfasa har baki, sai ga surukina da sandarsa. Ya ce, "Ɗana, ara wa yayanka batir ya tada motar ga. Yanzun nan za a maido maka."

Kowa ya san yadda muke yi a lokacin. A ɗora batir mai rai, mota ta tashi, tana ruri a zare shi a mayar da mataccen, in an yi tafiya ya cika da kansa. Kuma a garinmu wa ya isa ya ɗaga ido ya ce wa suruki a'a? Na durƙusa na ce, "To, Baba." Da hannuna na kwance, da hannuna na ɗaura.

Mota ta ɗauka. Na miƙa hannu zan zare abina, sai mutumin ya rufe bonet, ya gyara tabarau.

"Bari in ɗan zaga ta, injin ya warware."

Ya zaga kuwa. Ƙurarsa kawai na gani ta miƙi hanyar Yelwa. Wallahi ko yanzu da furfurata, in na tuna sai raina ya ɓaci.

Na ɗora mataccen batirinsa a motata, masunta suka yi ta turi cikin rairayi har gumi ya jiƙa su, ko tari ba ta yi ba. Surukina ya ce a shanya batirin a rana, ai haka ake yi wa na tocila ya farfaɗo. Aka shanya. Ina tsaye kamar gunki, ba damar musu, batir na shan rana, kifi ma na shan rana. Mai cajin batir kuma sai Yelwa, kuma ranar ko mota ɗaya ba ta biyo ba. Kafin azahar ƙudaje sun rufe motar. Mata suka hura wutar banda a guje, amma abin da ya riga ya kumbura ba ya banduwa. Da idona na ga ana haƙa rami ana binne wahalar mutane.

Sai bayan la'asar ya dawo, yana sakace, motar na ƙanshin tsire. Ko kallon ramin bai yi ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙane, batirin nan naka da kyau yake. Ina ka saye shi?"

Surukina ya ce, "To, madalla, ga abinka ya dawo lahiya lau."

 Ni na kai mataccen batirinsa can Yelwa aka zuba masa ruwa, aka yi caji, ni na dawo da shi. Yayan matata ya koma Sakkwato ana ɗaga masa hannu.

Da na koma bakin ruwa neman lodi, na tarar ana zuba kifi a motar wani. Babban masuntan ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali, bai tada maganar kifin da aka binne ba. Na fi son da ya zage ni. Ban sake ɗaukar kifinsu ba.

Abin da na koya shi ne, kunyar suruki da kayanka ake yin ta, ba da kayan mutane ba. Tun daga ranar, in da amana a bayan motata, ko wa ya zo aro zan durƙusa har ƙasa in gaishe shi, amma bonet ɗina ba zai buɗu ba.