Lallen Ar'ar a Kan Dutsen Hada

Har in bar duniya ba na jin zan manta da safiyar da mudir ya aike ni Hada duba wata bishiyar ar'ar. Ku da kuka shigo mashtal ɗin nan jiya-jiya, kuna ganin aikinmu bai wuce ban ruwa da ɗaukar tukwane ba, ku gyara zama ku ji.

Ga wanda bai san tsarinmu ba, mashtal gidan renon shuke-shuke ne. Mudir shi ne babba, sai mushrif mai fita duba lambunan mutane, sai sauran ma'aikata. A lokacin ban daɗe da zama mushrif ba, ina ji da kaina ƙwarai. Ƙa'idarmu ita ce duk ɓarnar da mushrif ya tarar, sai ya ɗauki hoto ya sanar da mudir da mai gida kafin ya sa hannu.

Ita ar'ar bishiyar kan dutse ce mai son sanyi. Masu sha'awa sukan rene ta a 'yar tukunya, suna datse mata saiwa da rassa shekara da shekaru, har ta tsufa ba ta wuce gwiwar mutum ba. Irin wannan renon ake kira bonsai. Zafin Makka ba ya ƙyale ta, shi ya sa masu hali suke ajiye tasu a gidajen hutawarsu can saman Hada, kan hanyar Ɗa'ifa. Idan sanyi ya kankama, ganyenta yakan bar kore ya koma jaja-jaja, wani lokaci har da duhu-duhu. Ba ciwo ba ne. A rage mata ruwa, a daina taki, a kare tukunyar daga iska mai ƙarfi, a bar ta a waje ta sha sanyinta. Da gari ya fara ɗumi za ta koma kore da kanta.

Mai bishiyar wani ɗan kasuwa ne, Ustaz Adil, haifaffen unguwar Tandabawi a Makka. Kakanninsa Sakkwatawa ne, amma Hausarsa sai da Larabci take tafiya. Ya kira mashtal a waya ranar wata Laraba cikin watan Rajab, tsakiyar sanyi. Ya ce bishiyar ta marigayi mahaifinsa ce, wanda ya rasu bayan hajjin da ya wuce, kuma tsohon bai taɓa barin kowa ya taɓa ta ba. Duk shekara idan ta yi ja, yakan kira matarsa ya ce ta zo ta ga amaryarsa ta ƙunsa lalle. Yanzu Hajiya ta gama takaba tuntuni, ba ta son fita ko'ina, amma ta ce ranar Juma'a a kai ta ta ga lallen. Aikina kawai in share tukunyar in cire busassun ganye.

Da hantsi na isa. Mai gadin gidan ya buɗe mini, wani dattijo mutumin Damagaram mai suna Baba Sale. Na san shi a unguwar Utaibiyya ta Makka yana dako, da hajji kuma yana ɗaukar kaya a Mina. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, gwiwoyinsa sun gaji, kuma wannan gadin da aka ba shi bayan rasuwar tsohon shi ne rufin asirinsa na farko a ƙasar nan: ɗaki nasa na kansa, abinci, ga nisa da idon hukuma. Ya tarbe ni da murna har kunne, ya ce in zo in ga yadda ya gyara ta.

Tun daga nesa na hango ta. Bishiyar tana kan benci jikin bango, kore shar, tana ƙyalli a rana kamar sabuwar ƙofar masallaci. A tsakiyar wannan sanyin! Na matsa, sai wari ya daki hancina. Na taɓa ganyen, na ji shi ƙiƙam, ya manne da juna. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Na ga shukar da aka kashe da ruwa, na ga wadda aka kashe da taki, amma ban taɓa ko mafarkin ganin wadda aka yi wa fenti ba.

Na ce, "Baba, me ka yi mata?"

Ya ce, "Ɗana, mutuwa ta fara yi. Ina ba ta ruwa safe da yamma, tana ƙara ja. Ga shi an ce Hajiya za ta zo takanas don ita. Na ce kafin ta warke, kada baiwar Allah ta zo ta tarar da abin mijinta a haka."

Ashe tun makon da ya gabata ya sauka kanti ya sayo gwangwanin fentin fesawa, irin wanda ake yi wa ƙarafan taga, ya bi ta reshe-reshe da haƙuri. Har ya rufe gangar jikin da jarida don kada ta ɓaci. Aiki ne mai tsabta, abin da ya ƙara tayar mini da hankali ke nan. Na tambaye shi me ya hana ya kira Ustaz tun da ta fara ja. Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya hana ya kira sarki. Ya ce shi wane ne da zai ɗaga waya ya ce amanar da aka ba shi tana mutuwa a hannunsa?

Na kankare ɓawon da farce, na ga ƙarƙashinsa da sauran danshi. Amma ganyen da fenti ya toshe ba ya numfashi, kuma reshen ar'ar idan ya rasa ganye ya tafi ke nan, ba ya sake toho. Na juya tukunyar, sai na ga wani ɗan reshe ta baya, wanda ya jingina da bango, fentin bai kai gare shi ba. Yana nan ja, da laushi, lafiyarsa ƙalau. A duk bishiyar shi kaɗai ne mai rai sosai, kuma shi ne Baba Sale ya miƙa hannu zai ɓoye don kunya.

Na daɗe riƙe da waya. Fenti ba ya wankuwa, Juma'a kuma jibi ce, ba abin da zan iya rufewa. Na ɗauki hoto, na kira mudir, na kira Ustaz.

Kafin la'asar Ustaz ya iso. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya tsaya gaban bishiyar yana ta maimaita "La haula", ya taɓa ganyen, ya dubi yatsunsa. Na yi masa bayani, na nuna masa reshen baya, na ce da yardar Allah za a iya ceto ta, ko da yake ba za ta koma siffarta ta da ba. Na roƙe shi ya dubi niyyar dattijon. Ya juyo, idonsa ya yi ja.

"Ya akhi, ni me zan gaya ma ummi? Shekara talatin abuya yana renon ta. Khalas, shi ke nan, ba ni iya ganin mutumen nan a gidan ga."

Na sake roƙo, ya ɗaga mini hannu. Ban ga laifinsa gaba ɗaya ba, shi ma maraya ne a ranar. Amma raina ya ɓaci matuƙa, har yau kuma idan na tuna yana ɓaci.

Ni na sauko da Baba Sale a motar mashtal, da jakarsa da buta da bargo, bishiyar kuma muka bar ta can inda sanyi yake. Muka bi kwane-kwanen gangaren Hada. Sai da muka fara jin ɗumin Makka ya yi magana, bai ko dube ni ba.

"Ɗana, da na ƙyale ta da janta, ba abin da zai same ta?"

Na ce, "Ba komai, Baba. Jan ma Hajiya za ta zo gani."

Ya dubi hannuwansa. Can ya ce, "Ashe abin da ake so in yi ke nan, in zauna."

Na sauke shi a bakin wani lungu a Utaibiyya. Bishiyar ta rayu da wannan reshe guda, ni nake hawa duba ta har yanzu. Baba Sale kuwa ya koma dako da waɗannan gwiwoyin.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan sanyi ba ya kashe shuka kamar yadda tsoro yake kashe ta. Mai gida ya san sirrin bishiyarsa, mu ma mun sani, amma mai riƙe da butar ban ruwa, wanda ba ya iya buɗe baki ya yi tambaya, ba wanda ya tuna ya gaya masa. Shi ya sa nake hana ku sauke tukunya ku juya. Ku nemi mai gadin, ku zauna da shi, ku faɗa masa da harshen da yake ji abin da zai gani da sanyi da abin da zai gani da zafi. Ku ce masa idan ya ga abin da ya ba shi tsoro, ku zai fara kira, kuma ba wanda zai kore shi don ya tambaya.