Abin da Sulle Ya Hana a Rubuta

Ku matso, ku gyara zama, in ba ku labarin Malam Muntaka na Karaye, mutumin da ke sa manyan ma'aikata cire tabarau su share ido.

Shekara talatin ya yi yana magatakarda a wurin dagaci. Da ya ajiye aiki, sai ya kafa ɗan tebur a gindin darbejiya kusa da tasha, yana rubuta wa mutane takardar koke. Yawancin masu zuwa wurinsa waɗanda tarar birni ta faɗa wa ne: mai tallar fura da aka ƙwace wa ƙwarya don ta zauna a bakin titi, mai baro da ya tsaya shan ruwa a inda aka hana tsayawa. Malam Muntaka ba ya musu da doka. Yakan ce mai hukunci ya fi shi sanin doka, abin da bai sani ba shi ne wanda ya kwana da yunwa saboda ita. Don haka sai ya zaunar da kai, ya yi ta tambaya har ya gano inda ke maka ciwo, a nan zai dasa alƙalami. Matarsa ma tana cewa in ya bar mata saƙo a takarda kan cefane, sai ta ji tausayin albasa.

Wata Laraba da hantsi wani dattijon Bafulatani ya iso daga Rogo Ruma, sunansa Sulle. Suka gaisa, aka tambayi gida da shanu da damina, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ya kai rago Kano a kan babur, ya tsaya tambayar hanya a ƙarƙashin wani allo da aka rubuta da Turanci, sai masu tara suka ɗauke babur ɗin. Abin da suka yanka masa ya fi ƙarfinsa, kuma sun ce in wata ya cika bai zo ba, gwanjo za a yi. Saura kwana tara.

Malam Muntaka ya gyara zama, ya fara aikinsa. Akwai mara lafiya a gida? Sulle ya ce Alhamdulillahi. Hatsi ya ƙare? Alhamdulillahi. To, ta yaya ya zo Karaye? Sai da aka matsa masa ya ce da ƙafa, wai dama yana son miƙe jijiya.

"Ku dai Fulani, ko rijiya kuka faɗa sai ku ce wanka kuka sauka yi," in ji Malam Muntaka. "Baffa, in ban rubuta wahalarka ba, me zan rubuta? Kalar babur?"

Sulle ya yi murmushi, amma bai sassauta ba. Ya ce a rubuta cewa bai iya karanta allon ba, wannan gaskiya ce. Amma kada a ce masa mabuƙaci, kada a ce ya yi kuka, kada a roƙi kowa da sunansa. Ya sa Malam Muntaka ya yi alkawari.

Da aka zo duba takardun babur, sai ga suna: Alhassan Sulle. Malam Muntaka ya tambaya ko ɗansa ne. Dattijon ya kau da kai, ya ce na wani ne a can gida. Nan take Malam ya gane. Ɗan fari ne, wanda kunyar Fulani ta hana uba kama sunansa, balle ya nuna ya damu da shi. Da 'yar dabara ya ji sauran: da wannan babur Alhassan ke kai nono kasuwar Rogo, da shi yake ci da iyalinsa. Aron yini ɗaya uban ya yi, yau sati uku ke nan ɗan bai ce komai ba, uban ma bai ce ba.

Malam Muntaka ya daɗe yana juya alƙalami. Daga baya ya rubuta da bakinsa shi, ba da bakin Sulle ba. Bayan gaisuwa da bayanin laifi, ga abin da ya sa:

"Ranka ya daɗe, mai wannan koke ya hana ni in ce ya tako da ƙafa daga Rogo Ruma, don haka ban ce ba. Ya hana ni in ce babur ɗin na ɗansa Alhassan ne, kuma sati uku ke nan suna cin tuwo a gida ɗaya ba wanda ya iya kallon wani. Allon da ya saɓa wa bai san yarensa ba. Shin an kafa shi ne don gyaran hanya, ko don raba uba da ɗa?"

Kamar yadda ya saba, ya karanta wa mai koke kafin ya rufe. Sulle ya yi ta zana ƙasa da sandarsa. Malam Muntaka har ya fara tunanin yaga takardar. Can dattijon ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, cire sunan." Aka soke suna, aka bar sauran.

Bayan kwana biyar, Malam Muntaka na zaune sai ga babur ya tsaya, Sulle na bayan wani matashi mai kama da shi, kowa na kallon wani gefe. An yafe tarar. Dattijon ya sauko ya ajiye ƙwaryar man shanu a kan tebur, ya yi doguwar gaisuwa har da tambayar damina, bai ambaci takarda ba ko sau ɗaya. Suka hau suka nufi Rogo.

Har yau masu shayin tasha ba su daina gardama a kai ba. To ku fa, a ganinku Malam Muntaka ya cika alkawarin nan, ko kuwa zagaye shi ya yi?