Fitilar Ɗakin Gabas

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, a shekarar ne maƙwabcinmu na baya ya sayar da gidansa, wanda ya saya kuma ya kafa injin niƙa tsofaffin robobi. A Sharaɗa wannan ba abin kai ƙara ba ne, kowa da kamfanin da ya jingina da katangarsa. Tun hantsi injin zai fara gurnani, ba ya hutawa sai magariba, ko in an ɗauke wuta. Ni kuwa aikin dare nake yi a wani kamfanin jima a Challawa. In dawo da safe ina warin fata, in yi wa Baba wanka, in ba shi kunu, sannan in faɗa ɗakina in yi barci kamar an yar da buhu.

Tsakanin ɗakinsa da nawa akwai tsakar gida, muryarsa kuma ciwon ya cinye rabinta. Hannun dama ya mutu, na hagu yana rawa, waya ba ta zama a ciki. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Matata tana gida, tana kuma iya ƙoƙarinta, amma Baba ko za a yanka shi ba zai bari surukarsa ta miƙa masa fon fitsari ba. Sai ya jira ni. Ba sau ɗaya ba na farka da la'asar na tarar da shimfiɗarsa a jiƙe, shi kuma ya ƙura wa rufin ɗaki ido kamar ba shi ba. In canza zanin gado ban ce komai ba, shi ma bai ce ba. In na fito sai in rasa wanda zan zaga, sai in zagi injin.

Wani mutumin Filato da muke aiki tare, mai gyaran wutar kamfanin, shi ya kawo shawarar. Ya ce akwai ƙwayayen lantarki da ake yi wa magana ta wata 'yar akwati. "Ka ɗaura mai haske sosai a saitin kanka," in ji shi. "Tsoho ya faɗa wa akwati ta kunna, haske ya dake ka a ido, ka tashi. Ba ruwansa da ƙarar inji, tunda akwatin a gefen matashinsa take." Muna da 'yar sola a gida, muna da 'yar na'urar intanet. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

Na sayo ƙwayayen da akwatin, wata 'yar kewayayyiya da ba ta fi gwangwanin tumatir ba. Da na zo ɗaurawa sai na tarar ƙwayayen na murɗawa ne, holdojin gidanmu kuwa masu kunne ne, sai da na koma kasuwa. Lahadi guda ta tafi a kan aikin nan. Kowane ƙwai sai ka kunna ka kashe, ka kunna ka kashe, har ya fara ƙifta ido, sannan waya ta gan shi, in ta ga dama. Na zaure ya ƙi sam. Na hau kujera na sauka har gwiwata ta fara ƙara, matata tana daga bakin murhu tana tambaya ko in kira mai gyara. Na ce mata ta ji da tukunyarta.

Da suka amsa duka, sai manhajar da ke wayata ta ce in raba su ɗaki-ɗaki, in ba kowane rukuni suna. Na yi zaure, na yi tsakar gida, na yi ɗakin Baba. A nawa ɗakin ƙwai biyu na sa, ɗaya a saman gado, ɗaya a bakin ƙofa, na haɗa su rukuni guda don kalma ɗaya ta kunna su tare. Da aka zo wajen suna, na rubuta sunana. Haka ƙannena da baƙi suke kiran ɗakin, ɗakin wane. Ko daƙiƙa ban tsaya tunani ba.

Akwatin ba ta jin Hausa, amma wannan bai dami Baba ba. Ya yi shekaru yana riƙe da sito a wata masaƙa a Bompai, Turancinsa irin na mutanen da ne, ya fi nawa nesa ba kusa ba. Cikin yini guda ya gane kanta. Ya dinga ba ta umarni yadda yake ba 'yan dako a zamaninsa: kunna zaure, kashe zaure, rage hasken ɗakina. In ta amsa da ladabi sai ya kalle ni ya ce, "Ka ga mai tarbiyya." Ranar ce ta farko da na ji dariyarsa tun da ya kwanta.

Amma fitilar ɗakina ba ta taɓa kunnuwa da umarninsa ba.

Na ci gaba da farkawa da la'asar, na ci gaba da canza zanin gado. Na ɗauka laifin ƙwayayen ne, na goge su na sake haɗawa. Na zargi matata da kashe makunnin bango, don in aka kashe shi ƙwan ya zama kurma. Ta rantse ba ta taɓa ba, muka yi kwana biyu ba ma ga-maciji. Na manna sul, wato salatif, a kan makunnin. In na tsaya a ɗakin Baba na faɗa da bakina, nan take haske zai cika ɗakina, ina hango shi ta taga.

"Baba, ku gwada mana in ji," na ce masa wata rana.

Ya kalli akwatin, ya kau da kai.

"Ba wuya, kamar yadda kuke cewa zaure. Ku faɗa kawai."

"Na gaji," ya ce, ya juya fuskarsa bango.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na fito ina huci. Ga magani na kawo har bakin gado, mutum ya gwammace ya kwanta cikin fitsari. Na fara tunanin ko ciwon ya taɓa masa kai, wannan tunanin kuma ya fi komai tsorata ni.

Gwaggo ce ta warware zancen, ƙanwar Baba da ke aure a Zawaciki. Ta zo dubiya ran Juma'a, na zaunar da ita a tsakar gida na zazzage mata komai, har da nuna mata yadda ake yi. Na ɗaga murya na faɗi umarnin, fitilar ɗakina ta kama. Gwaggo ta saki baki tana kallona.

"Me ka ce mata yanzu?"

Na maimaita.

"Kai dai an yi sakarai," ta ce. "Da gemunka da komai. Yaushe ka taɓa jin Yaya ya kama sunan nan? Kai ne ɗan farinsa, kuma sunan mahaifinmu ne a kanka. Ni kaina ka taɓa ji na faɗa? Shi ne za ka sa shi ya dinga kwaɗa wa gwangwani shi, surukarsa tana ji?"

Ba wai ban sani ba ne. Tun ina yaro "kai" nake a bakinsa, in yana maganata da wani kuma "yaron nan", alhali ƙannena kowa da sunansa yake kiransa. Na saba da abin har na daina jin sa, kamar yadda na daina jin warin fata a rigata. Shi kuma ba zai iya ce mini ga dalili ba, don faɗin dalilin ma wata kunyar ce.

A ranar na canza wa rukunin suna zuwa ɗakin gabas. Ban yi masa wani bayani ba, na ce dai, "Baba, an sauya, yanzu gabas ake cewa." Ya gyaɗa kai. Washegari ina tsakiyar barci haske ya dake ni a ido, na tashi da gudu ba takalmi. Ruwa yake so. Ban taɓa murnar ɗebo ruwa irin ta ranar ba.

Mun ɗan samu sauƙi har damina ta kankama. A unguwarmu da hadari ya haɗo sai wutar gari ta fara wasa, a kawo a ɗauke, a kawo a ɗauke. Duk ɗaukewa kuma, kafin sola ta karɓa sai ƙwayayen su ɗan mutu. In aka jera haka, sai su ɗauka ni ne nake kunnawa da kashewa don su manta komai, sai kuwa su manta. Gida duka ya hau ƙifta ido, ba zaure, ba gabas. Sai in sake bin su ɗaya bayan ɗaya da waya a hannu. Mai sola ya ce sai an raba layin fitilu an ƙara batir, abin da ya fi ƙarfin aljihuna a lokacin. Na koma kullum ina kallon sama kamar manomi, sai dai ni addu'ata kada hadari ya taso.

Wata rana bayan azahar ƙiftawar ta tashe ni. Na san ba kiran Baba ba ne, don nasa hasken tsayayye ne, amma na leƙa shi, na tarar yana barci. Na ɗauki waya zan gyara, intanet ta tafi tare da iska. Ba yadda zan yi. Na ɓare sul ɗin na kashe makunnin ɗakina don ƙiftawar tana sa ni jiri, na kishingiɗa da niyyar jiran intanet ta dawo. Daren jiya a tsaye na yi shi gaban gangunan jima. Barci bai yi shawara da ni ba.

Abin da ya tashe ni, sunana ne. An ɗauke wuta gaba ɗaya, injin baya ya yi tsit, ruwa bai sauko ba tukuna, unguwar ta yi shiru. Cikin shirun nan na ji an kira sunana, cikakke, yadda aka raɗa shi, da wata murya a shaƙe wadda ban taɓa jin sa a cikinta ba. Aka sake kira. Ina yaro na sha kwanciya ina tunanin yadda zai fito daga bakinsa. Da na ji shi kuwa, sai na zabura, don na san ba ƙaramin abu ne zai fito da shi ba.

Na same shi a ƙasa, tsakanin gado da bango, ƙafar da ta mutu ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa. Ya miƙa hannu ne zai ɗauki buta ya zame. Butar ta kife, ruwa ya jiƙa tabarma. Akwatin tana ta maimaita masa da Turanci, cikin ladabinta, cewa ba ta iya haɗuwa da komai a yanzu. Ban san sau nawa ya ce mata gabas ba kafin ya haƙura.

Na ɗaga shi na mayar kan gado. Na duba ƙugu, na duba kai, Allah ya tsare, ba karaya. Bai kalle ni ba. Idonsa yana kan bango, ya kama gaban rigata da hannun hagu.

"Ƙarar butar ce ta tashe ni, Baba," na ce. "Da ta faɗi."

Butar roba ce, a kan tabarma ta faɗi, mu duka mun san haka.

"To," ya ce. "Allah ya yi albarka."

Bai saki rigar ba har aka kira la'asar.