Lambar Baba da Ba Ta Rabuwa

Ni na jawo wa kaina. Ina lise, wato sakandare, aka koya mana cewa akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, irin su bakwai da goma sha uku. Don iyayi na ɗauki lambar wayar Baba kamar adadi guda mai miliyoyi, na gwada ta a kwamfutar makaranta. Ta ƙi rabuwa. Na dawo gida bakina har kunne.

Baba mahauci ne a kasuwar Treichville, kuma shi ke kasa naman watanda in jama'a sun haɗu sun yanka sa. Mutumin da ya shekara talatin yana raba nama kashi-kashi, yau an ce ya mallaki abin da ba mai iya kasawa. Ya ajiye cokali.

"Ko mutum nawa suka taru?"

"Ko dubu ne, Baba. Dole a yi saura."

Daga ranar muka shiga uku. Kowa ya nemi nimeron wayar Baba sai ya sha wa'azi kafin a ba shi. Wani amininsa, dillalin shanu mai gardamar tsiya, ya yi sati yana danna kalkuleta, ya kai ɗari huɗu da wani abu ya haƙura. Baba ya fi alfahari da wannan lamba fiye da sakamakon jarrabawata, kuma har yau abin yana min ciwo.

Sai aka ƙara wa wayoyin ƙasar duka alƙalami biyu a gaba. Baba ya samu sifiri da bakwai. Na haɗa alƙaluman a zuci: da talatin da takwas ne, yanzu arba'in da biyar. Duk lambar da jimillar alƙalumanta ta rabu da uku, ita ma uku na raba ta. Na ja bakina na yi shiru, amma dillalin nan bai yi ba. A gaban mahauta ya ɗaga kalkuleta sama yana cewa, "Alhaji, kashi uku cif! Ko ƙashi bai rage ba!"

Washegari Baba ya tasa ni gaba a woro-woro, tasin haɗaka, har Adjamé, wai sabon layi zai saya. Muka tsaya gaban wata mata mai sayar da layuka a ƙarƙashin lema. Tana karanto lamba, ina gwadawa a wayata, Baba yana yanke hukunci kamar mai duba haƙoran rago.

"Wannan ta ƙare da biyu, a mayar. Wannan fa?"

"Sha ɗaya na raba ta."

"Banza ce."

"Tonton," in ji matar, wato kawu, "layin nan na kiran mutane ne ko aurensa za ka yi?" Ni kam kunya ta gama kashe ni, ga mutane sun taru a bayanmu ana tsaki. A na goma sha bakwai muka dace. Baba ya ce yau ɗin nan zai jefa tsohon a lagun, ruwan da ya ratsa garin.

Muna cikin mota za mu koma, tsohon layin ya yi ƙara. Gwaggo ce, yayar Baba da ke ƙauye a Nijar. Ba ta karatu, lambar waya ɗaya ta haddace a duniya, ita ce ta ƙaninta. Muryarta har kujerar direba.

"Kai, ashe kana raye! Sati uku ina bugawa ba ya shiga, na yi kuka har na gaji. Sai jiya aka biya min sifiri da bakwai ɗin nan, na kwana ina maimaitawa. Kada a sake taɓa min ita, kaina ya tsufa."

"To, Yaya," in ji Baba. "Ba za a sake ba."

Ya kashe wayar, ya daɗe yana kallon ruwa muna haye gada. Sannan ya miƙo min sabon layin ba tare da ya dube ni ba.

"Riƙe ki yi amfani da shi. Ni a bar ni da mai rabuwar."