Shafukan da Gara ta Cinye

Kakata, mahaifiyar babana, sunanta Gambi, amma mu jikokinta Kaka kawai muke ce mata. Ni ne Idi, jikanta na fari, kuma ni kaɗai aka ɗauka daga gidanmu zuwa lekol, wato makarantar boko, a Filingue, zamanin Nasara bai tafi ba. Na ukunmu a wannan labari shi ne malaminmu, wani mutumin Dahome da kowa ke kira Mushe.

Babban hutun lekol yana faɗowa ne daidai da damina. Mukan koma ƙauyenmu kusa da Tabla, mu kama hauya, kafin hatsi ya nuna Faransanci ya tsiyaye daga kawunanmu. Mushe ya gaji da wannan hali. A shekarar da nake magana, ya ara wa kowane ɗayanmu littafi, ya ce duk wanda ya dawo ya karanta nasa a gaban aji, ya kuma faɗi labarin da ke ciki, zai wuce gaba. Wanda ya kasa, an sallame shi. Babana bai ɓoye ba, sallamar yake fata, domin gona tana bukatar hannu. Ni kuwa karatun nake so, amma idan na dawo daga gona idona ba ya iya riƙe ko layi guda.

Kaka ce ta lura. Bayan an ci tuwo takan hura wuta a ƙofar ɗakinta don hayaƙi ya kori sauro, mu kewaye ta, ta yi mana tatsuniya. Wata rana da muka zauna, sai ta ƙi buɗe baki.

"Tatsuniya ta daina zama kyauta," in ji ta. "Kai, mijina na banza, kana da labari cikin takarda kana ɓoye wa matarka. Ka ba ni naka da rana, in ba ka nawa da dare. In ba haka ba, kowa shi kwana da abinsa."

Sauran yara suka yi mini caa, dole na amince. Tun daga nan, kowace la'asar nakan zauna kusa da ita tana kaɗi, in karanta shafi ɗaya da ƙarfi, sannan in juya mata shi da Hausa. Labarin wani ɗan masunci ne da iska ta janye jirginsa zuwa tsakiyar teku. Kaka ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin bayan gari ba, amma ba ta barin komai ya wuce ta.

"Ruwa duka gishiri? To mi yaron ga ka sha? Koma baya, ka tsallake wani abu."

Sau da yawa kuwa na tsallake ɗin.

Da lokacin maimai ya zo, babana ya tafi da ni gonarmu ta nesa, muka yi kwanaki a can. Na bar littafin ƙarƙashin tabarmata. Kaka ta zo shara ta same shi a ƙasa, ranta ya ɓaci, domin a wurinta duk abin da ke ɗauke da rubutu ba a barinsa inda ƙafa ke takawa, ko da na Nasara ne. Ta naɗe shi cikin zanenta mafi kyau, ta ɗora bisa katangar ɗaki, can ƙarƙashin jinka. Ta girmama shi iyakar saninta. Ba ta tuna cewa nan ce hanyar gara ba.

Da na dawo aka sauko da ƙunshin, zanen ya zama rariya. Bangon baya babu shi, shafukan ƙarshe sun koma ƙasa. Mun bar yaron a teku da kifi ɗaya tak a hannunsa, ga shi yanzu babu mai sanin makomarsa. Na fashe da kuka. Kaka ta daɗe tana juya littafin a hannunta.

Da dare ta hura wuta kamar kullum, ta ce, "Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri." Sai muka ji ta ɗauko ɗan masunci daidai inda muka bar shi.

Ta ce yunwa ta kai masa wuya, ya ɗaga kifin zai kai baki, sai ga shamuwa ta sauka a bakin jirgi, fikafikanta sun gaji. Yaron ya dube ta, ya raba kifin biyu, ya miƙa mata rabi. Shamuwa kuwa, kowa ya sani, duk nisan inda ta je ba ta ɓata bishiyar da ta saba sauka a kai. Da ta farfaɗo, ya warware zare daga rigarsa ya ɗaura mata a ƙafa, ya riƙe ɗaya bakin. Tana tashi yana tuƙi, har zaren ya kai shi gindin bishiyar ƙofar gidansu, inda uwarsa ke zaune tana tankaɗe.

Na ce, "Kaka, ƙirƙira kika yi. Ba haka yake a littafi ba."

"Kai ka gani? Ba kai kac ce mini tun farko uwatai ta hana shi jifar tsuntsu ba? Mai labari ba shi aje tsuntsu a banza. Koma ka karanta tun daga kai. In ka samu inda na yi ƙarya, in biya ka da fura."

Neman ƙaryar Kaka ya sa na karanta abin da ya rage na littafin tun daga farko, na sake maimaitawa, ina bin kowace kalma da yatsa. Furar ban ci ta ba. Amma kafin a yanke hatsi, bakina ya saba da kowane layi.

Ranar komawa lekol na ajiye littafin gaban Mushe. Ya dubi ɓarnar, ya dube ni, ya buɗe tsakiya ya ce in karanta. Na karanta ban yi tuntuɓe ba. Ya ce in faɗi labarin, na faɗa har zuwa shamuwa da zarenta.

"Wa ya gaya maka wannan?"

"Kakata, Mushe."

"A littafi, babban jirgi ne ya tsince shi." Ya yi murmushi. "Ka wuce. Amma saboda ɓarnar littafin, ban ruwan lambun lekol naka ne har sanyi ya shigo. Kuma ka gaida mini kakar taka."

Yanzu da na gama makarantar horon malamai, na gane abin da ta yi mini. Ba ta san harafi ko ɗaya ba, amma ta san yaro ba ya karatu don tsoron sallama kamar yadda yake yi idan akwai mai jiran jin abin da ya faru. Shi ya sa duk hutu, idan na ara wa ɗalibaina littattafai, nakan tambayi kowannensu wanda zai karanta wa a gida. Kaka ba ta ga ranar da na karɓi takardar shaidata ba. Allah Ya jiƙanta, Ya saka mata da alheri.

Abin da aka rasa a waccan damina: shafi tara, bango ɗaya, zane ɗaya.